Bushin ƙafar bayan mota

Bushin ƙafar baya wani ƙaramin sashi ne na mota da ake yi da roba, sau da yawa a tsakanin zobban ƙarfe guda biyu, wanda ake sakawa a duk mahaɗar da ƙarafunan ƙafar baya suka haɗu da jikin mota. Yana barin ƙafar ta yi sama da ƙasa ba tare da ƙarfe ya gogi ƙarfe ba, yana shanye girgizar hanya da ƙara, kuma yana riƙe tayoyin baya a kan saitinsu. Roba tana tsufa, don haka bushin na cikin kayan da suka fi saurin mutuwa a tsofaffin motoci, musamman masu ɗaukar kaya a hanyoyin karkara irin na ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram a kudancin Jihar Jigawa. Kuɗinsa bai kai na taya ko shokozoba ba, amma idan ya mutu aka ƙyale shi yakan cinye tayoyi, ya lalata ƙarfen da yake ciki, ya kuma sa mota ta riƙa ƙwacewa a kwana ko lokacin taka birki. Wasu nau'o'insa mai mota zai iya sauyawa a gida, wasu kuma sai an kai gareji.

Suna

Kalmar bushin ta shigo Hausa daga Turanci ta bakin kanikawa, kamar yadda sifana da giris da salansa suka shigo. Direbobi da yawa kan ce masa roba kawai, ko robar ƙafa. A harshen gareji, ƙafar mota na nufin dukkan abin da ke tsakanin taya da bodi: aksil, hannayen ƙarfe, sifirin, shokozoba da bushin. A Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashen da ke amfani da Faransanci an fi saninsa da Silentbloc, wanda asalinsa sunan haja ne.

Tarihi

Robar da ake tatsa daga itace tana yin danƙo a zafi, ta sandare a sanyi. Ba ta zama abin dogaro a injuna ba sai da aka gano dabarar dafa ta da farar wuta, wadda Charles Goodyear na Amurka ya yi wa rajista a 1844. Motocin farko sun yi amfani da zobban tagulla ko na ƙarfe a mahaɗun sifirin, kuma sai an riƙa ɗura musu giris a kai a kai, in ba haka ba su cinye juna. Daga shekarun 1920 zuwa 1930 kamfanoni suka fara saka roba a waɗannan mahaɗu. A 1931 kamfanin Chrysler ya fito da motar Plymouth wadda injinta ke zaune a kan roba, abin da ya ƙara jawo hankali ga amfanin roba wajen rage girgiza. A 1937 Otto Bayer da abokan aikinsa a Jamus suka ƙirƙiro sinadarin foliyuretan, wanda daga baya ya zama madadin roba a wasu bushin.

A Najeriya, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, shekarar da Volkswagen shi ma ya fara a Legas. Peugeot 504 ta mamaye tashoshin Arewa shekaru da dama. Daga baya motocin hannu da ake shigowa da su daga Turai, da yawa ta tashar Kwatano, suka maye gurbinta. Irin waɗannan motoci kan iso da shekaru a kansu, kuma galibi da bushin da aka ƙera su da shi.

Yadda yake aiki

Bushin da aka fi sani yana da sassa uku: bututun ƙarfe na ciki inda bolti ke ratsawa, robar da ke kewaye da shi, da zoben waje wanda ake matsawa da ƙarfi cikin ramin hannun ƙafa ko aksil. Robar a manne take da ƙarafunan biyu. Idan aka ɗaure bolti, bututun ciki yana tsayawa cak tare da bodi, zoben waje kuma yana tafiya da hannun ƙafar. Saboda haka babu abin da ke juyawa a ciki kamar a boris. Robar ce ke murɗewa ta dawo duk lokacin da taya ta hau tudu ko ta faɗa rami. Wannan shi ya sa yadda aka ɗaure boltin yake da tasiri ga tsawon ransa.

Wasu bushin ana barin ramuka a jikin robarsu da gangan, domin su yi laushi ta gaba da baya, su yi tauri ta gefe. Irin waɗannan suna da fuskar da ake saka su da ita. Wasu na motocin zamani akwai ruwa a cikinsu. Taurin roba ana auna shi da ma'aunin Shore A: robar bushin ta kamfani takan kasance tsakanin 50 zuwa 70, foliyuretan kuma yakan kai 80 zuwa 95.

Inda ake samunsa a ƙafar baya

Yawan bushin da wurinsa ya danganta da tsarin ƙafar motar.

Aksil mai murɗewa. Wannan ƙarfe ɗaya ne mai kama da harafin U ko H da ke haɗa tayoyin baya, yana maƙale da bodi ta manyan bushin guda biyu, ɗaya a kowane gefe. Volkswagen ta yi amfani da shi a Golf tun 1974, kuma shi ne a Golf 2 da Golf 3. Yawancin Toyota Corolla da aka yi daga shekarar 2000 ma shi gare su.

Sifirin mai falle-falle. Ana samunsa a Toyota Hiace da Hilux da Peugeot 504 a-kori-kura. Akwai bushin a idon gaba na sifirin, da na baya, da kuma a maratayin da ke haɗa idon baya da shasi. Yawanci rabi biyu ne da ake turawa da hannu, kuma su ne mafi sauƙin sauyawa.

Ƙafa mai zaman kanta. A nan kowace taya tana da nata hannaye. Corolla ta shekarun 1990 tana da sanduna biyu na gefe da ɗaya ta tsaye a kowane ɓangare. Honda Civic ta wannan zamani tana da dogon hannu mai babban bushin a tsakiya, wanda ya yi suna wajen yagewa. Peugeot 406 da Honda Accord suna da hannaye da yawa, kowane da nasa bushin.

Bayan waɗannan akwai ƙananan bushin a kan shokozoba sama da ƙasa, da na sandar sitabilaiza. Peugeot 206 da 306 sun bambanta: hannayen bayansu suna juyawa ne a kan boris mai allurai a cikin aksil, saboda haka idan tayar bayansu ta karkata ciki, matsalar boris ce, sauya roba ba zai gyara ta ba.

Dalilan mutuwarsa

Tsufa shi ne babban dalili. Iska da zafi suna busar da roba, ta taurare, ta fara tsattsagewa ko da motar a ajiye take. Baƙin mai, fetur da man shokozoba da ke ɗiga suna kumbura ta, ta yi laushi ta saki ƙarfen da take manne da shi. Lodi fiye da kima yana danne bayan mota, robar ta zauna a murɗe tsawon tafiya. Gargada da ramuka suna ƙara yawan murɗewar. Yashi da laka suna shiga tsagar su riƙa cin robar, ruwa kuma ya sa tsatsa ta ci bututun ciki har ya manne da bolti. Shokozoba da ya mutu yana barin ƙafa ta yi ta tsalle, nauyin ya koma kan bushin. Ɗaga bayan mota da dogon sifirin ko da ƙarin roba, kamar yadda wasu masu motocin haya ke yi don ɗaukar kaya, yana canza kusurwar hannun ƙafa. Idan ba a kwance boltin an sake ɗaure shi a sabon tsayin ba, bushin ba ya daɗewa.

Yanayin Birnin Kudu da Gwaram

Birnin Kudu da Gwaram ƙananan hukumomi ne maƙwabta a masarautar Dutse, a kudancin Jihar Jigawa wadda aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta, 1991. Dukansu suna iyaka da Jihar Bauchi. A ƙidayar 2006 Birnin Kudu tana da mutane sama da 300,000, Gwaram kuma sama da 270,000. Garin Birnin Kudu yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil da Kwanar Huguma, kuma daga Babaldu hanya ta rabu zuwa Ningi da Bauchi. Mafi yawan mazauna yankin manoma ne da makiyaya, kuma motocin haya su ne ke haɗa ƙauyuka da kasuwanni irin ta Sara da ke Gwaram, da kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, inda ake kawo marasa lafiya daga nesa.

Duk abubuwan da ke kashe bushin sun haɗu a wannan yanki. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyos. Damina, wadda ta fi ƙarfi daga Yuni zuwa Satumba, tana zaizaye hanyoyin burji, ta bar kwazazzabai da laka. Da kaka motoci kan cika da buhunan gero, dawa, gyaɗa, riɗi da shinkafa, sannan hunturu ya zo da ƙura. Ƙananan motoci irin su Golf 3, waɗanda aka ƙera don mutum biyar da ɗan kaya, sukan ɗauki fasinja da buhuna har but ya ƙi rufuwa. Golf 3 an fara yin ta a 1991 aka daina kafin 2000, ke nan mafi ƙuruciyarta ta haura shekara ashirin.

Akwai kanikawa da masu sayar da kayan gyara a manyan garuruwan yankin, amma kayan wasu motoci sai an aika Dutse ko Kano, inda kasuwar Ƙofar Ruwa da unguwar Sabon Gari suka shahara da kayan mota. Injin matsi da na'urar alaimen ba kowane gari ke da su ba. Ga direban haya, kwana ɗaya a gareji kwana ɗaya ne babu kuɗin shiga, shi ya sa wasu kan yi aikin da kansu a ƙofar gida ko a tasha, da taimakon yaron mota.

Alamomin mutuwarsa

Alama ta farko yawanci ƙara ce: bugu mai nauyi daga baya idan an hau tudun rage gudu ko an faɗa rami, ko kuka irin na tsohuwar ƙofa. Sai kuma bayan mota ya riƙa lilo ko ya zame gefe a kwana, ko motar ta ja gefe ɗaya idan an taka birki ko an saki totur. Direba kan ji kamar yana gyara sitiyari kullum a miƙaƙƙiyar hanya. Tayoyin baya suna cinyewa ta gefe ɗaya, ko su yi tudu da kwari. Wani lokaci wanda ke biye da motar zai ga tana tafiya a karkace, ko a lura taya ɗaya ta matso gaba ko baya a cikin gurbinta.

Ɗan motsi kaɗan yana da babban tasiri. Idan hannun ƙafa mai tsawon santimita 40 ya goce gefe da milimita 4, tayar ta karkace da fiye da rabin digiri. Ma'ana, a kowace kilomita ɗaya ana jan tayar gefe kimanin mita 10 a kan kwalta. A jiƙaƙƙiyar hanya ko a kan yashi, irin wannan karkata na iya sa bayan mota ya juya, kuma zamewar baya ta fi ta gaba wuyar shawo kai.

Waɗannan alamu ba bushin kaɗai ke kawo su ba. Mataccen shokozoba, karyayyen sifirin, boris ɗin taya, salansa da ta saki, ko lanƙwasasshen aksil duk suna iya yin irin wannan ƙara.

Yadda ake dubawa

Ana ɗaga bayan motar a ɗora ta a kan matokari, a wanke laka, a haska bushin da tocila. Ƙananan tsage a fatar roba alamar tsufa ce kawai. Wanda ya mutu shi ne wanda tsagar ta yi zurfi, ko robar ta rabu da ƙarfe, ko ta kumbura da mai, ko bututun ciki ya bar tsakiya. Jar ƙurar tsatsa a bakin bushin ko wurin da ƙarfe ya yi sheƙi na nuna ƙarfe yana gugar ƙarfe. Ana kuma sa liba tsakanin hannun ƙafa da mariƙinsa a ɗan banƙara: lafiyayyen bushin yana motsawa kaɗan ya dawo, matacce kuwa yana tafiya sakaka har a ji ƙwas. Akan gwada ɓangarorin biyu don a kwatanta.

Irin bushin da ake samu

Na kamfani ko na sanannun masu ƙera kayan gyara shi ya fi dacewa da motar, amma ya fi tsada kuma akwai jabunsa. Akwai masu araha waɗanda robarsu kan tsage cikin ɗan lokaci. Akwai na hannu, wanda ake kira ɗan Beljiyam, yawanci a jikin hannun ƙafa ko aksil da aka ciro daga wata motar. Ƙarfen na iya zama lafiyayye, amma robar ta riga ta tsufa. Foliyuretan ba ya jin mai kuma yana jure lodi, sau da yawa rabi biyu ne da ke shiga ba tare da injin matsi ba, sai dai yana ƙara girgiza, yana buƙatar giris na musamman, kuma a wuri mai ƙura yashi kan shiga ya riƙa cin sa.

A garejoji da yawa na Afirka ta Yamma ana sassaƙa bushin daga tsohuwar tayar babbar mota. Yana da araha, ana samunsa nan take, kuma yakan yi aiki a idon sifirin mai falle-falle ko a kan shokozoba. A aksil mai murɗewa ko ƙafa mai hannaye da yawa ba ya maye gurbin na asali, domin ba a manne yake da ƙarfe ba kuma ba shi da ramukan da ke daidaita taurinsa.

Wajen saye, akan tafi da tsohon ko a auna faɗin waje, faɗin ramin bolti da tsawo, domin mota iri ɗaya kan zo da bushin daban gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi ta dominta. Ana sauya na hagu da na dama tare.

Kayan aiki

Aikin na buƙatar jak, matokaran ƙarfe guda biyu, katako mai kauri, sifanu da soket, dogon bututu don ƙarin ƙarfi, guduma, kurfi, zarton ƙarfe, buroshin waya, sanfefa, man kwance tsatsa, ruwan sabulu, da fenti ko alli na sa alama. Sifana mai ma'auni tana tabbatar da an ɗaure bolti daidai ƙarfin da kamfani ya tsara. A madadin injin matsi, ana haɗa abin ja da doguwar sanda mai zare ta milimita 10 ko 12, da notuna, da washa masu kauri, da guntayen bututu biyu: ɗaya ya ɗan fi bushin ƙanƙanta don ya tura shi, ɗaya ya fi shi faɗi don ya karɓe shi. Mai walda ko maƙeri na iya yanka waɗannan bututu.

Matakan sauyawa

1. Kwana ɗaya ko biyu kafin aikin ana goge boltuna a fesa musu man kwance tsatsa.

2. Ana ajiye motar a daɓe mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, babu kaya a ciki. Ana sa giya ɗaya a tare tayoyin gaba ta gaba da baya, domin hambirki tayoyin baya yake riƙewa, ba ya amfani da zarar an ɗaga su. Ana auna tazarar tsakiyar taya zuwa bakin bodi a rubuta.

3. Ana sassauta notunan taya, a ɗaga motar, a sa matokari a ƙarƙashin bodi a wuraren da aka tanada, sannan a cire tayoyin. Jak ɗin yana komawa ƙarƙashin aksil ko hannun ƙafa ya tallafe shi.

4. Ana sa alama a kan duk bolti mai saita taya, da gurbin mariƙin aksil a jikin bodi, da fuskar da tsohon bushin yake kallo, da zurfin da ya shiga. Ɗaukar hoto da waya yana taimakawa.

5. Ana saki maƙalan tiyon birki, wayar hambirki da wayar ABS idan akwai. A Golf 2 da wasu Golf 3 akwai bawul mai daidaita birkin baya gwargwadon lodi, wanda ɗan sifirin ke haɗa shi da aksil. Ana cire shi a hankali a mayar da shi yadda yake.

6. Ana kwance boltin bushin a sauke hannun ko aksil a hankali, daidai yadda bushin zai fito fili, ba tare da tiyon birki ya miƙe ba. Idan boltin ya manne da bututun ciki, sai a yanke shi a sa sabo mai ƙarfi iri ɗaya.

7. Ana jawo tsohon bushin da sandar zare. Idan ya ƙi, ana huda robar a fitar da bututun ciki, a zura zarto a ramin a yanka zoben waje har ya kusa rabuwa, sannan a lanƙwasa shi ciki da kurfi. Ba a bari zarton ya taɓa ƙarfen aksil.

8. Ana goge ramin da sanfefa. Idan ya faɗaɗa, ya tsage ko tsatsa ta cinye shi, sabon bushin ba zai zauna ba, sai an sauya hannun gaba ɗaya.

9. Ana daidaita sabon da alamar, a ja shi a miƙe. Ƙarfin yana sauka ne a kan zoben waje kawai, ba a kan roba ko bututun ciki ba. Sanya shi a firji na wasu sa'o'i yana ɗan tsuke zoben. Bushin da babu zoben waje ana shafa masa ruwan sabulu. Baƙin mai da giris na yau da kullum suna lalata roba.

10. Ana mayar da komai, a ɗaura boltin bushin da hannu kawai. Sai an sauke motar a kan tayoyinta an girgiza ta, ko an ɗaga ƙafar da jak har ta kai tazarar da aka auna da farko, sannan a ɗaure shi sosai. Idan aka ɗaure shi ƙafa tana rataye, robar za ta zauna a murɗe da zarar motar ta sauka, ta yage da wuri.

Kariya

Babban haɗarin aikin shi ne mota ta faɗo kan mai gyara. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bulon siminti da tubali suna fashewa ba zato, duwatsun da aka jera kuma suna zamewa. A ƙasa mai yashi, ko wadda ruwan sama ya jiƙa, ana shimfiɗa katako mai faɗi a ƙarƙashin jak da matokari. Akan tura tayar da aka cire ƙarƙashin bodi don ƙarin tsaro, a kuma nisanta yara daga wurin.

Sifirin mai naɗi yana riƙe da ƙarfi mai yawa, yana iya fizgewa idan aka saki ƙafa gaba ɗaya. Ƙona tsohuwar roba da wuta al'ada ce a wasu garejoji, amma a yawancin ƙananan motoci tankin fetur da bututunsa suna dab da aksil na baya. Hayaƙin roba yana da guba, zafi mai yawa kuma yana raunana ƙarfe. Idan tiyon birki ya tsage ko an buɗe shi, wajibi ne a sauya shi ko a fitar da iska daga birkin kafin motar ta hau hanya.

Bayan kammala aiki

Ana taka birki sau da yawa kafin a motsa, a gwada hambirki, sannan a yi gwajin tafiya a hankali. Motoci masu ƙafa mai zaman kanta suna buƙatar alaimen na tayoyi huɗu. A aksil mai murɗewa da sifirin mai falle-falle yawanci babu abin saitawa, amma awon yana nuna ko aksil ya lanƙwashe ko ya zauna a karkace. Inda babu na'ura, akan auna tazarar tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a ɓangarorin biyu. Bambanci mai yawa na nuna akwai gyara. Bayan kwanaki kaɗan ana sake duba boltuna da notunan taya.

Abin da ke tsawaita ran sabon bushin shi ne rage lodi, rage gudu a gargada, gyara duk abin da ke ɗigar mai, sauya mataccen shokozoba, da wanke lakar ƙarƙashin mota bayan damina. Duba ƙafar baya kafin kaka, lokacin da lodi ke ƙaruwa, yana hana gyara ya faɗo a tsakiyar aiki.

Gida ko gareji

Bushin shokozoba, na sitabilaiza da na idon sifirin suna cikin abin da mai ɗan sani zai iya yi a gida cikin sa'o'i kaɗan. Manyan bushin aksil sun fi wuya, kuma tsatsa na iya mayar da aikin yini ya zama na kwana biyu. Wasu kan raba aikin: su kwance hannun ƙafar a gida, su kai wa mai injin matsi ya cire tsoho ya sa sabo. A motocin da kamfani ke sayar da hannu da bushinsa a haɗe, sauya hannun gaba ɗaya ya fi sauƙi. Idan babu matokari, ko bodi ya ruɓe a wurin mariƙi, ko aikin ya shafi buɗe birki, gareji mai rami ya fi dacewa.

Doka ta ɗora wa mai mota alhakin lafiyar motarsa. Jami'an duba ababen hawa na jihohi, waɗanda aka fi sani da VIO, su ke ba da takardar shaidar lafiyar mota, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana hukunta lodi fiye da kima da tuƙi da cinyayyun tayoyi, abubuwa biyu da ke tafiya tare da mutuwar bushin ƙafar baya.

Duba kuma

Birnin Kudu
Gwaram
Jihar Jigawa
Peugeot 504
Volkswagen Golf
Roba
Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa